Soja Ba Ɗan Kwana-kwana Ba Ne

Akwai wata magana da ta kusa zama hadda a bakin ɗalibanmu da ke karatu a nan Ingila. Duk ranar da talabijin ta nuna sojan Birtaniya yana saɓe da buhun yashi a garin da ruwa ya ci, ko yana bugun wuta a kan tudu, sai ka ji wani ɗan'uwa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kun ga ƙasa! Ina ma a ce namu sojojin haka suke." Ana faɗinta a wurin shan shayi a Rusholme da Longsight, ana faɗinta bayan sallar Juma'a a Small Heath da Sparkbrook, har ta kai wasu na ganin maganin gobarar kasuwanninmu da ambaliyar garuruwanmu shi ne a danƙa aikin baki ɗaya a hannun soja, kowa ya huta.

Na san kishin gida ne ke sa a faɗe ta. Amma ina da ja a kanta, kuma ja mai ƙarfi, domin mu ɗin nan da ke faɗinta mu ne gobe za mu koma Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi mu zauna a kujerun da ake rubuta kasafin kuɗi da tsara dokoki. Idan muka koma da gurguwar fahimta, talaka ne zai biya da ransa da dukiyarsa. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne: ƙasar da soja ne ke fara isa wurin gobara ko ambaliya, gazawa ta yi. Abin koyi a Ingila shi ne abin da ke tsaye a wurin kafin sojan ya iso, da kuma wanda ke ba shi umarni bayan ya iso.

Abin da ya faru a Saddleworth

A ranar Lahadi 24 ga Yuni 2018 wuta ta tashi a tuddan Saddleworth da ke gabas da Mancesta, cikin wani yanayi na zafi da rashin ruwa da Ingila ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Wurin ba daji ba ne mai manyan itatuwa irin Falgore ko Rugu. Fili ne na ciyawa da gajerun tsirrai, a ƙarƙashinsa kuma akwai ruɓaɓɓen ganye da ya taru shekaru dubbai ya danƙare ya zama kamar gawayi. Idan ya bushe ya kama, wutar ƙaiƙayi ke nan: a kashe ta a sama tana ci ta ƙasa, iska ta kaɗa ta sake ɓullowa a bayanka. Hayaƙi ya rufe Stalybridge da Mossley ya kai har tsakiyar Mancesta, aka rufe wasu makarantu. Daren 26 ga wata wutar ta matso unguwar Carrbrook, aka kwashe mutane daga gidajensu, hukumomi suka ayyana lamarin a matsayin babban bala'i na gaggawa. Kafin a ga bayanta ta cinye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 18.

To, yaushe soja ya zo? Ranar 28 ga wata, kwana huɗu bayan tashin wutar. Su nawa? Kimanin 100, daga bataliya ta 4 ta rundunar Sikotland da ke barikin Catterick. Wa ya nemi a turo su? Hukumar kashe gobara ta yankin Mancesta, bayan ma'aikatanta sun galabaita. Me suka yi? Abin da jami'in kwana-kwana ya ce su yi: su ja mesar ruwa su hau da ita tudu, su ɗauki kaya, su bugi wuta da sanduna masu leɓen roba. Ba su zo da bindiga ba, ba su kafa shinge a hanya ba, ba su sa kowa tsallen kwaɗo ba. Aron awa 48 aka nema tun farko, aka ƙara musu 'yan kwanaki, sannan suka koma bariki suka bar masu aikin da aikinsu, waɗanda suka ci gaba da fama da wutar har tsakiyar Yuli.

Kyamara soja take so, shi ya sa hotonsa ne ya zaga duniya. Amma waɗanda suka kwana a tudun tun farko 'yan kwana-kwana ne, da takwarorinsu da aka turo daga gundumomin maƙwabta, da 'yan sa-kai masu ceton mutane a tsaunuka, da manoma da masu gadin dajin da suka san kowane kwari, da jirgi mai saukar ungulu da kamfanin ruwa ya kawo yana watso ruwa daga sama. Soja ƙarin hannu ne, kuma hannu mai amfani. Amma ƙarin hannu sai da jikin da za a ƙara wa.

Doka ce ta tsara haka

Kada wani ya ɗauka wannan ladabi halin Bature ne. Tsari ne rubutacce. Dokar shirin ko-ta-kwana ta 2004 ta ɗora alhakin tunkarar bala'i a wuyan hukumomin farar hula, wato 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motocin asibiti da ƙananan hukumomi. Soja ba ya cikin wannan sahu na farko. Kafin Ma'aikatar Tsaro ta ba da aron mutanenta, sai mai nema ya fayyace aikin da yake so a yi masa, ya nuna cewa taimakon maƙwabta da na 'yan kwangila bai wadatar ba, sannan minista ya sa hannu. Kuma galibi ba kyauta ba ne, ana aiko wa hukumar da ta nema da takardar kuɗi, sai fa idan rai ne ke cikin hatsari a nan take, inda kwamanda ke da ikon kai ɗauki ba jira ba biya. Hikimar kuɗin a fili take: kada wata hukuma ta yi sakaci da aikinta tana taƙamar akwai soja.

Me ya sa suke wannan taka-tsantsan? Duk ɗalibin da ke Mancesta ya taka zuwa gefen babban ɗakin taro na Manchester Central, zai ga wani dutsen tunawa mai matakala da aka kafa a 2019. A wannan fili ne, ranar 16 ga Agusta 1819, mutum kusan 60,000 suka taru suna neman 'yancin zaɓen wakilai, alƙalan gari suka tura musu sojan doki da takubba. Kimanin mutum 18 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Shi ne kisan Peterloo. A lura fa, farar hula ne suka kira sojan a ranar. Ke nan kira kaɗai bai isa ba, sai an san aikin da aka kira shi ya yi da inda zai tsaya. Bamingham ma sai da ta sha tarzomar Bull Ring a 1839, aka fito da soja kan titi, kafin a kafa mata rundunar 'yan sanda a wannan shekarar. Jiki magayi. Da jini suka koyi cewa mutumin da aka horar don yaƙar abokin gaba ba a sakar masa unguwa.

Dam biyu

Masu ja da ni za su ce, to Whaley Bridge fa, ba soja ne ya ceci garin ba? Mu duba. Ranar 1 ga Agusta 2019, bayan ruwan sama mai yawa, wani sashe na bangon madatsar Toddbrook ya zaizaye a saman garin Whaley Bridge, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Mancesta a jirgin ƙasa. Jirgin sojan sama samfurin Chinook ya yi ta jigilar manyan buhunan tsakuwa, ɗaruruwan tan, yana jera su a inda bangon ya rufta. Wannan aiki ne da hukumomin farar hula ba su da kayan yinsa, kuma a nan kiran soja ya dace ɗari bisa ɗari. Amma kafin jirgin ya fara jigila 'yan sanda sun riga sun kwashe mutum kusan 1,500 daga garin, 'yan kwana-kwana kuma suka kafa manyan injinan zuƙar ruwa suna rage cikar dam ɗin dare da rana. Cikin mako guda mutane suka koma gidajensu, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga baya gwamnati ta sa Farfesa David Balmforth ya yi bincike, rahotonsa ya fito a 2020 ya ɗora laifin a kan kuskuren zanen magudanar dam ɗin da rashin kula da gyaranta yadda ya kamata.

Yanzu a ajiye wannan kusa da Alau. Dam ɗin Alau ya taɓa ɓallewa a 1994 ya ci Maiduguri. Shekara 30 bayan haka, daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, ya sake ɓallewa mutane na barci. Ruwa ya shiga Gwange da kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, ya rusa katangar gidan yari fursunoni sama da 270 suka gudu, ya fito da namun dajin da ke gidan zu cikin unguwanni, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da muhallansu. Sojoji sun yi aiki a Maiduguri, babu mai musu. Da manyan motocinsu da kwalekwalensu aka ciro mutane daga kan rufin gidaje, tare da matasan gari da masunta. Allah ya saka musu da alheri. Amma tambayata ita ce, wa ya kamata ya duba bangon dam ɗin tun a 2023? Wa ya kamata ya bi unguwanni da lasifika tun ranar 8 ga wata ya ce a bar bakin kogin Ngadda? Ba soja ba ne. A Whaley Bridge soja ya zo ne ya tare bala'in da bai auku ba tukuna, domin wasu sun ga ɓarakar sun yi ihu a kan lokaci. A Maiduguri ya zo ne ya tsamo waɗanda ruwa ya riga ya ci. Ihu bayan hari ke nan, ko da kuwa mai ihun jarumi ne.

Gargaɗi daga Bamingham

Ita kanta Ingila, duk lokacin da ta jingina da soja fiye da kima, alama ce wani abu ya ruɓe. A Nuwamba 2002 ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta shiga yajin aiki kan albashi, gwamnatin Tony Blair ta ware sojoji kusan 19,000 su maye gurbinsu. Aka fito da wasu korayen motoci sama da 800 da aka ƙera tun shekarun 1950, waɗanda ake wa laƙabi da Green Goddess, suka riƙa rarrafe a titunan Bamingham da Mancesta da rakiyar 'yan sanda. Samarin sun yi iya ƙoƙarinsu, amma gajeren horo ba ya kamo sana'ar shekaru. Babban hafsan tsaro na lokacin, Admiral Michael Boyce, ya fito gaban 'yan jarida ya nuna damuwarsa cewa aikin yana rage wa rundunar ƙarfi, ga yaƙin Iraƙi na ƙaratowa. Daga baya aka yi gwanjon motocin, da yawansu suka nufi ƙasashen Afirka, aka kuma ɗora wa kowace hukumar kashe gobara alhakin yin nata tanadin idan an yi yaji.

Sai batun shara. A Satumba 2023 majalisar birnin Bamingham ta bayyana cewa asusunta ya karye. A Maris 2025 masu kwashe shara suka tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, shara ta taru har tan 17,000 a tituna, ɓeraye suka samu gari, ranar 31 ga wata majalisar ta ayyana lamarin a matsayin bala'in gaggawa. A Afrilu gwamnati ta aro wasu 'yan tsirarun jami'an soja masu tsara jigila, suka zauna a ofis suna lissafin motoci da hanyoyi. Ba a tura soja kwasar shara ba. Kuma ba a ɗauki zuwansu abin alfahari ba, abin kunya aka ɗauke shi, a ce birni na biyu a ƙasa ya kasa kwashe shararsa. Haka ma lokacin gobarar Saddleworth, ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta tuna wa gwamnati cewa tun 2010 an rage dubban ma'aikatan kashe gobara a faɗin ƙasar saboda tsuke bakin aljihu. Su idan suka ga soja a bakin gobara tambaya suke me ya lalace. Mu kuwa muna ganinsa sai tafi.

Kada a ce ina wanke hukumomin farar hula na nan. Daren harin bam na Manchester Arena, 22 ga Mayu 2017, wanda ya kashe mutum 22, motocin kwana-kwana ba su isa wurin ba sai bayan awa biyu, saboda rikicewar sadarwa tsakaninsu da 'yan sanda. Amma rahoton Lord Kerslake na 2018 ya faɗi haka ƙarara, hukumar ta nemi gafara a bainar jama'a, aka sake wani binciken da ya fi na farko zurfi. Hukumar farar hula ana iya kiranta gaban kwamiti a titsiye ta. Wane ne a cikinmu zai iya faɗin sunan wanda aka hukunta kan abin da ya faru a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, lokacin da rumbun makamai ya fashe, mutum sama da 1,000 suka mutu, yawancinsu sun nutse a magudanar Oke-Afa suna gudu cikin firgici?

Mu a gida

Nijeriya ta yi kusan shekara 29 ƙarƙashin mulkin soja tsakanin 1966 da 1999, kuma abin da ya bari yana nan a cikin kawunanmu. Ɗalibai sun yi bore, a kira soja. Zaɓe ya zo, a kira soja. Manoma da makiyaya sun yi rikici, a kira soja. Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya yarda soja ya taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan shugaban ƙasa ya kira shi, bisa sharuɗɗan da majalisa za ta gindaya. Taimako aka ce. Amma taimakon ya zama zaunannen aiki a mafi yawan jihohi 36, daga rundunar Haɗin Kai da aka raɗa wa suna a 2021 a arewa maso gabas, zuwa Fansan Yamma da aka kafa a 2024 a arewa maso yamma. Wai shin sojan da ya kwashe shekaru yana fama da Boko Haram a Sambisa da tafkin Chadi, da 'yan bindiga a dazukan Zamfara da Katsina, shi za mu ƙara wa gobarar kasuwa? Idan Boyce ya koka da aron 'yan watanni, me hafsoshinmu za su ce?

Mu kuma duba irin gobararmu. A ƙarshen Maris 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, shaguna sama da 3,000 suka tafi. A Janairu 2021 babbar kasuwar Sakkwato, a Maris na wannan shekarar babbar kasuwar Katsina, a Fabrairu 2023 kasuwar Monday ta Maiduguri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan gobara ya san yadda abin ke kasancewa galibi. Lantarki ya dawo da ƙarfi cikin dare ya tarar da wayoyin da aka jona barkatai. An gina rumfuna a kan hanyar da mota za ta bi. Motar kwana-kwana ta zo ta juye tankinta cikin 'yan mintoci, babu famfon da za ta jona a kusa, sai ta koma neman ruwa wuta na ci. A cikin waɗannan wanne ne bataliya za ta gyara? Iyakarta ta tsare shagunan da suka rage daga ɓarayi. Ba ita ke ba da izinin gini ba, ba ita ke duba waya ba, ba ita ke shimfiɗa bututun ruwa ba.

Gobarar daji ma haka. Kowane hunturu mafarauta na cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya da zomo, iska ta kwashe ta zuwa gonar da ba a gama kwashe amfaninta ba, ko makiyayar da dabbobi za su ci har bazara. A Nijar, a yankunan makiyaya na Tawa da arewacin Maraɗi, maganin da aka sani shi ne share dogayen layuka a cikin ciyawa tun kaka, don in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Mutanen karkara ne ke wannan aiki da hannunsu, sau da yawa a biya su lada. Babu jirgin yaƙin da zai maye gurbin wannan fartanya.

Nijar da Faransa fa?

'Yan'uwanmu na Nijar za su ce ai a wurinsu 'yan kwana-kwana sojoji ne. Gaskiya ne, kuma daga Faransa aka gaji tsarin. Rundunar kashe gobara ta Paris sashe ce ta soja tun 1811 zamanin Napoleon, ta Marseille kuma ta sojan ruwa ce. Sifaniya ma ta kafa rundunar soja ta musamman don bala'o'i a 2005, bayan gobarar dajin Guadalajara ta kashe masu kashe wuta 11. Amma a duba da kyau. Waɗannan mutane ne da kashe gobara ce sana'arsu ta kullum, ita suka koya, kayanta suke riƙe da su, kuma a Paris shugaban 'yan sandan birni suke bi, a Marseille magajin gari. Wannan daban, ɗebo yaran da aka koya wa harbi a ce su je su kashe wutar kasuwa daban. Kuma kakin bai hana abin da ya faru a Maraɗi a Nuwamba 2021 ba, inda wuta ta kama azuzuwan zana ta kashe yara 'yan makaranta aƙalla 25, wata bakwai bayan irinta ta kashe yara 20 a Yamai. Duk saurin motar kwana-kwana, zana ta fi ta sauri. A Sifaniya ma, da rundunar da komai, ambaliyar Valencia ta Oktoba 2024 ta kashe sama da mutum 200, kuma babban abin da jama'a suka yi wa bore shi ne gargaɗin da hukumar yankin ba ta aika wayoyinsu ba sai da ruwa ya riga ya shiga garuruwa.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, jihohi su ɗauki hukumar kashe gobara a matsayin aikin gwamnati na gaske. Kowace babbar kasuwa ta samu tasha a cikinta, da rijiyar burtsatse da tanki, da hanyar da ba za a sayar wa kowa ya yi rumfa ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna da ƙarfin da za su matsa a yi, har su sa hannu a kuɗin.

Na biyu, a yi dokar duba madatsun ruwa, a kuma buga rahoton kowa ya gani. A Ingila dokar 1975 ta wajabta injiniya mai zaman kansa ya duba kowane babban dam aƙalla sau ɗaya a shekara 10, ga wani injiniyan da ke sa ido a kansa kowace shekara, kuma duk da haka Toddbrook ya kusa ɓallewa. Mu da muka ga Bagauda a 1988 da Alau har sau biyu, ga Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori da Zobe a saman garuruwa, me muke jira? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, a ba soja gurbinsa a rubuce. Hukumar NEMA da aka kafa a 1999 tana da tsarin rukunonin kai ɗauki a cikin rundunonin soja. Majalisa ta fayyace wa ke da ikon kiransu, wa ke ba da umarni a wurin, kwana nawa za su yi, da rahoton da za a fitar bayan sun tafi. A nemi abin da su kaɗai ke da shi, wato injiniyoyi masu kafa gadar wucin gadi, da jirage masu saukar ungulu, da kwalekwale masu inji, da asibitin tafi-da-gidanka.

Na huɗu, a horar da waɗanda ke wurin tun kafin kowa ya zo: masu unguwanni, da sarakunan ruwa da masunta, da 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam waɗanda dama ke tsare taron dubban mutane kowace Juma'a da idi.

Na biyar namu ne. A cikinmu akwai masu karatun injiniya da lafiya da shari'a da tsara birane. Jami'ar Mancesta tana da cibiyar nazarin ayyukan jinƙai da bala'o'i, kwalejin horar da 'yan kwana-kwana tana Moreton-in-Marsh kudu da Bamingham, tashoshin kashe gobara kuma sukan buɗe ƙofa ga jama'a. Wanda ke neman batun da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga ruwan kashe gobara a Kantin Kwari, ga hanyar gargaɗin ambaliya a Haɗeja da Ringim. Ƙungiyarmu ma za ta iya shirya ziyara zuwa tasha guda, mu tambayi yadda ake raba aiki da yadda ake biyan kuɗinsa.

Ya ku 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ranar da wani gwamna ya zo jajen gobara da ayarin motoci ya yi alkawarin miliyoyi, kada mu tambaye shi me ya hana a kira soja. Mu tambaye shi mota nawa ke tashi a tashar kwana-kwana ta garin, yaushe rabon a biya ma'aikatanta alawus, ina famfon da ya fi kusa da kasuwar, kuma wa ya sa hannu aka toshe hanyar. Sojanmu yana da aikin da ya fi ƙarfinsa tuni, mu bar shi ya yi, mu kira shi idan tura ta kai bango, mu sallame shi da godiya idan ya gama. Allah ya tsare mu daga gobara da ambaliya, ya ba mu shugabanni masu tanadi, mu kuma ya sa mu koma gida da ilimi mai amfani, amin.